Inci Ɗaya da Rabi

Ranar Asabar muka gangara Dillon,
ni da jikata Linnea, shekararta sha uku,
a akori-kurar da gilashinta ya tsage tun bara.
Dusar ƙanƙara ta fara yi wa duwatsu furfura,
irin wadda ta riga ta gama da ni.

Ita ta babanta take so.
Na ce, waccan doguwar?
Ko shi sai ya ci ya ƙoshi yake saɓa ta.
Ta juya ga taga.
Shirun gidanmu ne, na san shi tun kan uwarta.

Kantin Delbert warin mai yake da ƙonannen kofi.
Ya kwantar mana da huɗu a kan tebur,
ya auna ta daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa
kamar tela ana gobe biki.

Ni ba wanda ya auna ni.
Kawu Ansel ya ɗora mini tasa
yadda ake labta wa jaki kaya,
ya ce namiji ba ya wayyo.
Ta shure ni, kafaɗa ta kumbura mako biyu,
daga nan na koyi rintse ido
kafin in ja kunama.
Ido rintse na harbi wani bijimin dawa
mai ƙaho kamar rassan busasshen itace.
A tumbi na same shi, ba a huhu ba.
Kwana biyu ina bin jini kan ƙanƙara,
ɗigo nan, ɗigo can, kamar mai bin bashi.
Hankaki suka riga ni isa.
Shekara hamsin da shida ke nan, bakina ƙulle.

Shi ya sa na ce wa Delbert: mai sauƙin shuri.
Ƙaramin harsashi in ya san hanya
ya fi babba da ya yi makuwa.

Sai ya ce da ita, haɗa tafukanki, bar 'yar kafa,
leƙa agogon bangon can.
To, rufe na hagu.
Ta ce, agogon ya gudu!
Ashe da dama take rubutu, da dama take cin abinci,
amma gani, na hagu ne mai gida.
Shekara sha uku muna tebur ɗaya, ban sani ba.

Huɗun nan duk suka koma rataye.
Ta bahago ɗaya ce a kantin, ta hannu,
milimita bakwai, gindinta na gyaɗar turawa,
da tabon waya mai ƙaya a gefe.
Ta wata malamar makaranta ce, Oline,
da gwiwoyi suka hana ta hawan dutse.
Linnea ta shafa tabon kafin ta dubi kuɗin.
Ta kai ta kafaɗa, kumatu ya sami wurin kwanciya,
sai dai wuya na miƙewa kamar na zalɓe.

Inci ɗaya da rabi, in ji Delbert,
ya shiga ciki da zarto.
Muka tsaya muna jin itace yana kuka.

A nan ta tambaye ni, ba ta dube ni ba:
in na gan shi, Kaka, na kuma ji ba na so?
Na ce, sai ki sauke ta, mu sha shayi,
mu kalle shi har ya haye tudu.
Ba wanda zai ji daga bakina.
Na iya riƙe magana.

Delbert ya miƙo mini guntun da ya yanke,
da ɗumin zarto a jikinsa.
Ya ce, ajiye, shekara uku za a manna shi,
yara ba sa jira.

Yana aljihun rigata har yanzu.
A hanya ta yi barci, kanta a jikin taga,
akwatin harsashi bisa cinya,
ni kuwa ina tuƙi ina lissafin
ko gwiwoyina za su kai shekara ukun.