Taya Uku

A saman shagon faci na Abdulbaƙi muka fara,
a Wad Madani, layin da ke gangarawa kogi.
Ɗaki ɗaya, fanka mai tari,
kwamfuta biyu, ɗayar sai an mare ta take farkawa.
Sirajo ke rubuta lissafi,
Mawahib ke zana titi,
ni kuwa aikina kunne.
Nakan tsuguna bayan rakasha da na'urar ɗaukar murya
ina shaƙar hayaƙi,
har direbobi suka raɗa mini Salansa.

Wasanmu na farko ba shi da birki.
Mantuwa ce ta Sirajo.
Wanda duk ya saki hannu a kwanar ƙarshe
sai ya zarce cikin Nilu,
injin yana ta kuka a ƙarƙashin ruwa.
Muka gyara. Yaran unguwa suka yi mana yaji.
Muka cire gyaran,
muka ce dama haka muka nufa.

Shekara ta biyu Mawahib ta sauka da igiyar shanya
ta auna ramin da ke gaban mai shayi,
faɗi da zurfi.
Bayan damina hukuma ta cike shi,
amma a wasanmu yana nan,
ana kauce masa da ɗan yatsa
yadda aka saba da ƙafa.

Wani attajiri ya zo daga Khartum,
turarensa ya riga shi hawa bene.
Ya ce a cire rakasha, a sa jajayen motoci masu sheƙi,
a share jakin da ke tsallaka titi a zagaye na uku.
Sirajo ya daɗe yana kallon takardar.
Kwana tara ba mu gaisa ba.
Jakin ya zauna, Sirajo ya tafi.
Abin hawa mai taya uku, in ɗaya ta fita,
ba sai an ba ka labari ba.

Bayan azumi biyu ya dawo da kwanon wake mai zafi.
Bai ba da haƙuri ba, ba mu nema ba.
Ya ja kujerarsa, ya tarar ba wanda ya taɓa tsayinta.

Sai ranar da wata ƙara ta shigo gari,
wadda ba ni na ɗauka ba.
Tagogi suka amsa.
Mawahib ta ɗinke faifan ajiya a bakin mayafinta,
muka hau bayan motar albasa, muka yi gabas.
A kowane shinge tambayar ɗaya ce: me kuka ɗauko?
Mu ce ba komai.
Gari guda ne, a cikin ɗinki.

Yanzu muna Bur Sudan,
inda gishirin iska ke cin bakin waya.
Ana buga wasan a Alƙahira, a Jidda, har a Kano,
amma Sirajo ya ce lissafin ya rikice masa:
ba mai neman zuwa na ɗaya.
Suna ta goga rakasha da bango,
suna faɗawa ramin da gangan don gudu ya ragu.

Jiya saƙo ya zo, ba suna, ba sallama:
"Don Allah ku sa mana birki.
Ƙofar nan mai shuɗin fenti, bayan mai shayi,
gidanmu ne.
Sau ɗari na wuce ta."

Sirajo bai kwanta ba.
Ni na buɗe tsoffin muryoyin da na ajiye,
ina neman abin da mutum zai ji in inji ya yi shiru.
Na sami cokali yana zaga kofin shayi,
da wata mata tana kiran Asma'u ta shigo da tabarma,
can ƙasa kuma gudumar Abdulbaƙi
tana bugun taya.
Har yau ba mu san inda yake ba.