Mudun Inna Dudu

Malamaina biyu ofis ɗaya suke a Gombe,
fanka ɗaya, buta ɗaya, amma kowa da kofinsa.
Malam Gidado kullum tambaya: mene ne adalci?
Wa ya ara wa mai mulki sanda, yaushe zai mayar?
Dakta Saratu ta ce, "Shekara ashirin yana tambaya,
ko mutum ɗaya bai taɓa ƙirgawa ba."
Shi kuwa ya ce, "Ta ƙirga mutum dubu,
ba ta san abin da ta ƙirga ba."

Ni aka tura Kumo ranar kasuwa
da takarda ɗari biyu a leda, da biro uku.
Tambaya ta tara: Kin yarda da shugabanninki?
Ƙarƙashinta gida biyar a jere:
ƙwarai, na yarda, ban sani ba, a'a, sam.

A layin masu awo na tarar da Inna Dudu,
maiwa a gabanta, tsabar kuɗi a bakin zani.
Na karanta mata. Ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Wace yardar?
Na yarda kansila zai zo gaisuwa ranar da na mutu.
Na yarda ba zai gyara famfonmu ba ina raye.
Duka biyun na yarda. Rubuta."

Biro ya tsaya a sama,
kamar kaza ta ɗaga ƙafa ta rasa wurin sawa.

Ta kife mudunta, ta nuna min gindinsa.
"Dubi nawa, lafiyayye.
Na wancan layin an bubbuga shi ya shige ciki.
Shi ma cika yake yi, har da tozo,
mai saye ya tafi yana godiya.
Yarinya, kafin ki ƙirga mudu nawa,
tambayi wanda ya ƙera kwanon."

A mota, tsakanin buhun wake da wani akuya,
na ce a raina Malam Gidado ya ci.

Sai da na zauna lissafi, dare uku da fitilar waya.
Malam ya daɗe yana koya mana
cewa mai yunwa ba shi da zaɓi,
cikinsa ke dangwala masa yatsa.
Mun rubuta, mun haddace, mun ci jarrabawa da shi.
Ga takarduna suna cewa wani abu dabam:
cikin ɗari da tamanin da bakwai da suka amsa,
ɗari da goma sha biyu sun karɓi sabulu da gishiri,
sun shiga bayan labule
sun zaɓi wanda ransu ya so.
Wani mai faci ma ya sa na ƙara a gefe:
"Sabulun ya yi wanki mai kyau."

Na kai musu ranar Litinin.
Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya karanta lambar sau biyu
kamar mai duba sunansa a takardar bashi.
Ya ce, "Kwanona ne babu hatsi."
Dakta ba ta yi dariya ba.
Idonta na kan tambaya ta tara,
ta ja layi ƙarƙashin "yarda" har takarda ta huje.
Can ta ce, ba tare da ta juyo ba,
"Gidado, kalmar nan, gida nawa gare ta?"
Ya jawo kujera. Shayinsu ya huce.

Ban gaya musu abu ɗaya ba.
Na'ura ba ta karɓar gida babu alama,
kuma rana ta yi, motar Gombe na cika.
Inna Dudu tana cikin jadawalin nan, layi na sittin da huɗu.
Na saka ta a "ban sani ba",
ita da ta fi mu sani.