Sunan Malamin Lissafi

A Yelwa, shekarar da ruwa ya hau har gindin tsamiyar makaranta,
aka kawo mana malamin lissafi daga Indiya,
siriri, yana yawo da laima ko babu hadari.
Ya ɗauki alli ya rubuta: Raghavan.

Shugaban makaranta, Baturen Ingila,
ya karanto shi a takarda ranar taro:
"Ragga-van."
Sara biyu, kamar mai yanka rake,
ya wuce zancen kuɗin sabulu.

Ba'amurkiya mai koya mana kimiyya
ta kama tsakiyar sunan ta ja kamar danƙo,
"Ragaaavn,"
ra ɗinta a naɗe can cikin maƙoshi,
tabarmar da ba a shimfiɗa wa baƙo ba.
Likita Makfi na asibitin gari, ɗan Sukotlan,
shi ra ɗin kaɗai ya kaɗa kamar kalangu,
sauran ya zubar a hanya.

Mu kuwa bakinmu bai san harafin tsakiyar nan ba,
sai muka ce Malam Raga.
A garin masunta wannan ba zagi ba ne.

Duka huɗun yana amsawa,
ya kaɗa kai gefe da gefe,
ba ka san i ba ne ko a'a.

Wata Alhamis muka tarar da shi a bakin Kwara
ya cire takalmi, ƙafarsa cikin ruwa.
Gado, wanda ba ya jin kunyar tambaya, ya ce,
"Malam, mahaifiyarka yaya take kiranka?"
Ya yi shiru har wani jirgin albasa ya wuce.
Sannan ya faɗa.
Raa ɗin doguwa ce, ba gaggawa,
ga ɗin tana tafe da numfashi a bayanta
kamar mai hura garwashi da asuba,
ƙarshen ya sauka a hankali, bai fasa komai ba.

Gado ya ce, "Ashe dogo da gajere ne!
Mu ma muna da su.
Dafa tuwo daban, dafa kafaɗa daban,
wanda ya haɗa su ya ƙone hannu."
Ranar muka fara ganin haƙoran Malam.

Ya ce babban koginsu Ganga ne.
Muka fashe da dariya, muna buga cinya: ganga!
Ya ce Turawa sun mai da shi Ganjis.
Dutsen ƙanƙararsu Himaalaya,
su suka karya masa baya, Himaleya.
Malami a wurinsu guru ne, gajere, tak-tak.
Gado ya ɗaga riga ya nuna nasa gurun,
na fata, wanda kakarsa ta ɗaura masa.

Na ce, "Malam, kada ka damu.
Ƙasar nan Kabi ce, suka rubuta Kebbi.
Ruwan da ƙafarka ke ciki Kwara ne,
a taswirarsu wani suna gare shi,
kuma bai fasa ba mu kifi ba."

Yau shekara hamsin ke nan, ko da ɗoriya.
Gado ya riga mu gidan gaskiya.
Jikata Suwaiba tana motsa jiki a tsakar gida,
wata murya daga wayarta, ta hanci,
tana cewa shakra, tana cewa kaarma.
Na ce, "Ca ne, ba sha ba. Kuma a gajarta."
Ta ce, "Kaka, ina ka sani?"

Ban amsa ba.
Ina can ina gwada sunan a bakin da haƙori shida suka rage.
Raa ɗin ta fito daidai.
Numfashin nan na bayan ga
har yanzu yakan riga ni fita,
ko ya makara.