Gidan Jarida a Garin Iska

Nives ta shigo shagona ran Talata
da jiƙaƙƙiyar jarida a hammata.
Ta shimfiɗa ta kan teburin aiki
ta ce, "Ottavio, ga abin da bora ta bar mini."

Bora iskarmu ce a Tiriyeste.
Daga kan duwatsu take gangarowa, ba ta sallama.
Takan ɗauke hula, ta karya laima.
Jiya ta kwashe labarin duniya kaf
ta watsa a teku,
yau kifaye sun fi mu sanin farashin mai.

Na zaro fensir daga bayan kunne.
"Gurbi nawa?"
"Goma sha biyu."
"Nives, jaridu bakwai suka rage a garin nan."
"Zamanin babana sha biyu ne."
Na yi shiru. Kafinta ba ya gardama da kabari.

A bayan tsohuwar kalanda na zana shi.
Ban miƙar da shi ƙyam ba,
abin da ya cika tsayuwa shi iska ke fara mari.
Ban kwantar da shi ba, kar ruwa ya samu masauki.
Ɗan jingine na yi shi,
kamar dattijon da ke tsaye bakin tasha
yana kallon jirgin da ba zai shiga ba.

Katakon gaba ya rufe shafi zuwa ƙirji:
kanun labari a fili, cikinsa a rufe.
Ƙamshin burodi kyauta ne,
burodin kuwa sai an taɓa aljihu.

Ƙafafu taƙi biyu daga ƙasa
saboda kududdufi,
da kuma karen mai sayar da furanni
wanda ke bayyana ra'ayinsa kan siyasa
da ɗaga ƙafa ɗaya.

Katakon na tsohon kwalekwalen kawuna ne.
Shekara arba'in yana shan gishiri,
babu abin da damina za ta faɗa masa sabo.
Kowane gurbi na ba shi sandar tagulla
mai danne takarda, ƙas,
kamar hannun uwa a kafaɗar yaro
lokacin tsallaka titi.

Sai maganar da ta hana ni barci.
Akwai jaridar Italiyanci, akwai ta Sulobeniyanci,
kuma a unguwarmu an taɓa fasa tagogi
kan wace ce sama.
Na jera su kafaɗa da kafaɗa,
na ɗora ma'aunin ruwa,
na yi ta fiƙe gefe guda
har ƙwayar ta tsaya a tsakiya cak.

Ran Juma'a ta dawo da ƙarin bukata.
"Gurbi ɗaya can ƙasa, kar ka rufe masa fuska.
Zan juya jaridar ta ba titi baya."
Na ce don me?
"Don Bepi. Shafin rasuwa yake dubawa."
"Bepi bai taɓa sayen jarida ba."
"Na sani. Bayansa ya lanƙwashe,
ba ya iya ɗaga kai kuma."
Na goge layi, na sake auna tsayi
daidai idon mutumin da ke ƙirga abokansa.

Da asuba muka kafa shi, ƙusa huɗu cikin dutse.
Kwana tara bora ta dawo.
Na fito riƙe da igiyar gefen hanya
don in ga aikina yana kokawa.
Takarda ko ɗaya ba ta tashi ba.
Amma guraben nan biyar da babu kowa
sun kama fito, kowanne da muryarsa,
har mai wucewa na waiwaye.

Na ce gobe zan zo da katako in toshe su.
Nives na miƙa wa wani canji, ba ta dube ni ba.
Ta ce, "Bar su."
Bepi kuwa yana ƙasa, ya dafa sanda,
leɓensa na motsi a kan wani suna.