Tafiyar Nomau

A bayan tashar Maradi, inda nake walda,
na tara ƙarfen da gari ya gaji da shi:
sarƙar babur, ƙashin bayan kujera,
bakin garma da ƙasa ta sha,
rabin tano da Gulbi ya amayo bara.

Ba mutum nake so in ƙera ba.
Tafiya nake so in ƙera.

Babana Nomau, shekara talatin yana dako,
buhun gyaɗa bisa kai, daga kasuwa zuwa sito,
ban tuna ranar da na gan shi tsaye ba.
In ya gifta, ƙafarsa ba biyu ba ce a idona,
huɗu ce, shida ce:
ta baya ba ta gama sallama da ƙasa ba
ta gaba ta riga ta ci wani taku,
rigarsa na biye da shi
kamar mai bin sa bashi.

Sai na ba ƙarfen ƙafa shida.
Na tsaga ƙwauri, na baza shi kamar fiffike,
na ja kafaɗa har ta wuce ƙirji,
na bar kafa inda iska ke ratsa hammata.
Wurin kai kuwa, gammo kaɗai na aza.

Malam Tsahiru ya jingine kekensa:
"Illa, gunki ne wannan?"
Na ce, "Malam, ina fuska? Ina ido?
Wa ya taɓa yi wa sauri sujada?"
Ya kewaya shi sau biyu, bai tanka ba.
Da ya zo ta gabansa
sai ya ja gefe, ya ba shi hanya.

Ran Juma'a na turo tsohon a kura.
Damina uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye.
Ya daɗe yana kallo,
ƙudaje na sauka a gwiwarsa bai kore su ba.
Can bakin nan da ya karkace ya motsa:
"Ta hagu ta yi gajarta.
Da hagu nake farawa."

A ƙarƙashin mayafi
ƙafarsa ta dama tana buga katako,
ɗaya, ɗaya, ɗaya,
tana jiran 'yar'uwarta ta amsa.

Na sauke tabarau bisa ido.
Na sake kunna wuta.