Talatocin Jorna

A Sunamganj, in damina ta kankama,
ƙasa kan nutse, ƙauyuka su zama tsibirai,
gonakin shinkafa su koma teku wata da watanni.
Can Jorna take da agwaginta saba'in da uku,
kowacce ta san muryarta.

Shekara goma sha ɗaya Mokles ne kasuwarta.
Yakan zo ran Talata da kwale-kwale mai inji,
ya ɗaga ƙwai ɗaya ya duba a rana,
ya yamutse fuska kamar ya tauna maɗaci:
"Kasuwa ta faɗi, 'yar'uwa, Silhet ta cika da ƙwai."
Me za ta ce? Ba ta taɓa taka Silhet ba.
Wanda bai je kasuwa ba, bakin dillali ne farashinsa.

Sai 'yarta Tumpa ta dawo daga kamfanin ɗinki a Daka
da tsohuwar waya, fuskarta a tsage
kamar ƙasar fadama da rani.
Jorna ba ta karatu. Tumpa ta ce, "Ba sai kin karanta ba,
danna nan, ki yi magana, ki saki."

Sabis ba ya sauka gidansu.
Sai ta hau tudun makarantar firamare,
ta tsaya gefen tankin ruwa da hannu a sama
kamar mai roƙon hadari ya dakata.
A nan ta fara jin muryar Shiuli mai gidan burodi
tana faɗin kuɗin ƙwai a birni.
Jorna ta sa aka maimaita mata sau uku.
Ta sauko ba ta ce uffan ba,
ta zauna tana lissafi da yatsu,
yatsun suka ƙare, Talatocin ba su ƙare ba.

Daga nan kuɗi suka soma shigowa ba ƙarar sulalla,
sai ɗan kuka guda, kamar ɗan tsako
ƙulle a bakin zanenta.
Agwagi suka haura ɗari biyu.
Ta ɗauki Ripon, ɗan maƙwabta, yana kora su ruwa,
ta sauke jinka ta ɗora kwano,
tana biyan taka biyar a yi mata caji
a shagon mai farantin hasken rana.

Zuma dai da harbi take.
Wata murya mai ladabi ta kira ta da la'asar,
wai daga ofis, a faɗi lambar sirri a gyara asusu.
Ta faɗa. Cinikin mako biyu ya bi ruwa.
Kwana uku wayar tana kulle cikin tulun shinkafa
kafin Jorna ta huce ta yi mata afuwa.

Sai ambaliya ta kai wa turken sabis iya wuya.
Kwana tara shiru.
Ƙwai na taruwa a kwando, zafi na jiransu.
Ran na goma ga ƙugin inji:
Mokles, ya jiƙe sharkaf, furfura ta ƙaru.
Ya ɗaga ƙwai ɗaya zai duba a rana,
babu rana.
Kafin ya buɗe baki ta riga shi.
Ta faɗi farashin Silhet, ta cire masa kuɗin mai da ladan tuƙi,
ta ce saura nata ne.
Ya daɗe yana kallon ruwa.

Har yau yana zuwa ran Talata,
sai dai shi ke kai wa Shiuli kaya, a biya shi dako.
Ya sayi tasa wayar, mai manyan maɓallai.
Shekaranjiya ya miƙa wa Jorna ita, ido a ƙasa:
"Wai ina ake dannawa a yi magana?"
Ta goge dusar hannunta a zane,
ta kama babban yatsansa ta ɗora a wurin.
Agwagi na can tsakiyar ruwa
suna ta surutunsu, ba ruwansu da sabis.