Babi Na Tara

Shekara bakwai ina rubuta shi
tun da na ajiye aikin gidan waya:
labarin Habsu mai sayar da ruwa,
wadda ta raini biyar da guga da igiya.
Na kai shi shagon Mutari a Zango
cikin ƴar kile, ba ta fi ƙwallon dabino ba.

Ya ce, "Baba, akwai manhaja,
minti uku ta karance shi kaf,
ta nuna maka inda yake ɗingishi."
Na ce to. Muka zuba wa allo ido.
Sai ga shi ya yi ja wur
kamar an yanka zakara a kansa,
babu layin da jini bai taɓa ba.

Ƙugiya ta fara ci.
Inda na ce baƙi sun cika zaure,
ta ce baki ya cika zaure.
Inda ƙura ta tashi a Kasuwar Dole
ta saki kura tsakiyar ƴan tumatir.
Kurar ba ta kwanta ba kuran ya ɗauke.
Muka zauna, fanka ta mutu, zufa ta tsaya mana,
yaron shago ya tafi neman esansi,
bai dawo da wuri ba.

Da inji ya tashi Mutari ya gano:
rigar da aka sa wa fayil ce ta matse shi.
Ya sake masa wata. Ƙugiyoyi suka dawo
ɗaya bayan ɗaya, kamar awaki da magariba.
Na ce alhamdu lillahi,
ashe ko rabi ba mu yi ba.

Ta ƙirga wa Habsu maza uku:
Malam, da Maigida, da Baban Barira.
Ta ce in zaɓi guda in kori biyu.
Mutari ya yi dariya har ya buge shayinsa.
Ya za a gaya wa ƙarfe
mace ta shekara arba'in da mutum
ba ta taɓa kama sunansa ba?

Ta ce gaisuwa ta yi yawa, shafi biyu cur,
ina kwana, ina gajiya, ya ƙishirwar bana.
"A yanke." Na ce ba na yankewa.
Cikin "lafiya lau" ta uku
Habsu ta gane rijiyar maƙwabta ta ƙafe,
ba wanda ya faɗa mata da baki,
kuma na'ura ba ta ji ba.

Saura guda. Rubutu ƙanana, can ƙasa:
"Tsahara ta shigo babi na huɗu,
ta ɗauki tulu a babi na takwas.
Daga nan ba a sake ganinta."
Na ce, "Wannan ma kuskure ne, gyara."
Ya kashe, ya kunna. Tana nan.
Ya goge, ya sake ɗorawa. Tana nan.
Ya ce ko reso ne, ya ɗaga waya sama,
ya juyo ya dube ni,
sai bai ƙara magana ba.

Ƙanwata ce. Shekararta tara.
Ni aka aika tafki ran nan,
na tsaya langa a gindin dutse,
ita ta ɗauki tulun.

Na ba Mutari dala ɗari, ya ƙi karɓa.
Ban hau kabu-kabu ba, na taka da ƙafa,
ta gefen duwatsun Birni,
da har yanzu ba su saki zafin rana ba.
A gida na share tabarma, na jawo fitila,
na buɗe tsohon kaye mai layi-layi.
Na sa lamba tara a sama.
Tun isha nake riƙe da alƙalami,
ga ladan yana gyaran murya,
ban wuce sunanta ba.